Tsanantawa da jiran ƙarshen zamani: abin da Kiristocin farko suka fuskanta a daular Roma

Duk sa'ad da yaƙi ya ɓarke a Gabas ta Tsakiya ko annoba ta game duniya, zancen alamomin ƙarshen zamani kan dawo bakin masu wa'azi, kuma sau da yawa akan kafa hujja da halin da Kiristocin farko suka shiga a hannun Romawa. A nan mai sauraro kan rikice, domin magana biyu yake ji da ba sa haɗuwa. Wani ya ce shekara 300 cur aka yi ana jefa wa zakuna Kiristoci ba dare ba rana. Wani ya ce yawancin labarin ƙarin gishiri ne na marubutan baya. Rubuce-rubucen da suka rage daga wancan zamani, na Romawa da na Kiristocin kansu, sun isa a auna maganganun biyu. Kashe-kashen gaskiya ne, amma jefi-jefi suke zuwa, bana a wannan gari, bayan shekara ashirin a wancan. Fargabar ce ba ta gushewa. Imani da kusantowar ƙarshe kuwa ya riga tsanantawar Romawa zuwa, kuma da shi masu bi suka riƙa fassara duk abin da ya same su.

Ma'anar kalmomin

Tsanantawa ita ce cutar da mutum saboda addininsa, daga hukuma ko daga jama'ar gari: kamu, bulala, ƙwace dukiya, kora, kisa. Ƙunci ya fi ta faɗi, domin a Sabon Alkawari yana ɗaukar yunwa da yaƙi da ƙiyayyar dangi, yana kuma nufin wani lokacin matsi na musamman da zai gabaci ƙarshe. Kalmar Girkanci da ake fassarawa da shahidi, asalinta mai ba da shaida ne a gaban alƙali, kamar yadda shahada da shaida suka fito daga tushe guda a Larabci. Sai wajen tsakiyar ƙarni na 2 ta tsaya a kan wanda aka kashe don ya ƙi musun bangaskiyarsa. Wanda ya sha ɗauri da azaba bai musa ba, ya kuma fito da ransa, shi ake kira mai furci.

Ƙarshen zamani a wurinsu shi ne dawowar Yesu Almasihu, tashin matattu da ranar shari'a. Kafin nan ana sa ran bayyanar wani babban maƙiyi, magabcin Almasihu, wanda mai karatu Musulmi zai ga kamarsa da Dujal, ko da yake bayanan ba ɗaya ba ne. Akwai kuma mulkin shekara dubu da ke babi na 20 na Wahayin Yahaya, littafin da wasu fassarori ke kira Ru'ya ta Yohanna.

Akidar ta girmi tsanantawar

Tushen yana cikin tarihin Yahudawa. A shekara ta 167 kafin miladiyya, sarki Antiyokus na huɗu ya hana kaciya da kiyaye Asabar, ya ƙazantar da Haikalin Urushalima, aka kashe waɗanda suka ƙi. Wannan ya tayar da tambaya mai nauyi: in masu riƙon addini ne ke mutuwa saboda riƙonsu, ina adalcin Allah? Amsar da ke babi na 12 na littafin Daniyel ita ce, za a yi matsin da ba a taɓa ganin irinsa ba, sa'an nan matattu su tashi, wasu zuwa rai madawwami, wasu zuwa kunya. Wato tsananin wuya alama ce cewa ceto ya kusa.

Almajiran Yesu da wannan fahimta suka tashi. Suka ƙara mata abin da suka yi imani da shi, cewa an gicciye shi a zamanin gwamna Bilatus kuma ya tashi, batun da Musulunci ke da matsayi daban a kansa. A babi na 13 na Linjilar Markus an kwatanta yaƙe-yaƙe da yunwa da farkon naƙuda, an kuma gaya wa masu bi cewa za a gurfanar da su gaban gwamnoni da sarakuna. Wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Tasalonikawa, wadda aka rubuta wajen shekara ta 50, ta nuna yadda suke ganin abin ya matso: damuwar mutanen ita ce 'yan'uwansu sun fara rasuwa alhali Almasihu bai dawo ba, sai Bulus ya kwantar musu da hankali cewa matattu ne za su fara tashi. Shekara 14 ke nan kafin wani sarkin Roma ya taɓa Kirista. Rikicin farko a cikin al'ummar Yahudawa ya faru, irin jifan Istifanas, kuma Bulus kansa ya amsa cewa ya tsananta wa ikkilisiya, wato jama'ar masu bin Yesu, kafin ya shige ta.

Laifin da Romawa suka gani

Hukumar Roma ba ta damu da abin da ke zuciyar mutum ba, aikinsa take dubawa. A ganinsu zaman lafiyar gari ya dogara ne ga yardar alloli, ita kuwa da hadaya ake samunta. Wanda ya ƙi hadaya ya jawo wa kowa fushi, shi ya sa suke kiran Kiristoci marasa allah. Yahudawa ma ba sa bauta wa gumaka, amma an ɗaga musu ƙafa saboda addininsu gadon kaka da kakanni ne, kuma har shekara ta 66 ana yin hadaya a Haikali domin lafiyar Kaisar, wato sarkin Roma. Kirista kuwa mutum ne da ya bar allolin ubansa ya bi sabon abu. Taronsu na ɓoye ya haifar da jita-jitar cin naman mutane da lalata tsakanin dangi. Ga kuma batun kasuwa: a Afisa maƙeran azurfa ne suka tayar da tarzoma don cinikin siffofin allahiya Artimas ya ja baya. Tartuliyan, marubuci Kirista na birnin Kartaj a Afirka ta Arewa, ya taƙaita lamarin a shekara ta 197, ya ce in kogin Taiba na Roma ya yi ambaliya, ko Nilu ya ƙi cika, ko aka yi fari ko annoba, nan take sai ihu ya tashi a kai Kiristoci ga zaki.

Karo na farko da sarki ya sa hannu shi ne bayan gobarar Roma ta Yulin shekara ta 64, wadda ta ci ko ta lalata unguwanni 10 daga cikin 14. Da mutane suka fara zargin sarki Nero, sai ya ɗora wa Kiristoci. Tasitus, marubucin tarihi Barome da ba ya ƙaunarsu ko kaɗan, ya ce an lulluɓe wasu da fatun dabbobi karnuka suka yayyaga su, an gicciye wasu, an cinna wa wasu wuta don su haskaka dare. Abin bai wuce birnin Roma ba, amma ya bar tabo: sunan Kirista ya zama abin tuhuma.

Yadda shari'ar ke gudana

Bayani mafi dalla-dalla ya zo ne daga Filini, gwamnan Bitiniya da Fantas a arewacin Turkiyya ta yau, a wasiƙarsa ga sarki Tarajan wajen shekara ta 112. Ya ce yakan tambayi wanda aka kawo ko Kirista ne. In ya amsa, sai ya sake tambaya sau biyu da gargaɗin kisa. In ya dage, a tafi da shi. In ɗan ƙasa ne mai 'yancin Roma, a rubuta sunansa a aika shi babban birni. Wanda ya ce shi ba Kirista ba ne, ko ya bari, gwaji uku ake yi masa: ya kira sunayen alloli, ya miƙa turare da ruwan inabi gaban mutum-mutumin sarki, ya zagi Almasihu. Filini ya azabtar da bayi mata biyu masu hidima a ikkilisiya don ya ji sirrin, bai samu komai ba sai cewa sukan taru kafin gari ya waye a wata rana tsayayya, su yi waƙa ga Almasihu, su yi alkawarin barin sata da zina da cin amana. Ya kuma ambaci cewa masu sayar da naman hadaya sun yi ta rasa masu saye.

Amsar Tarajan ta zama ƙa'ida ta fiye da shekara ɗari: kada a bi su gida-gida ana nema, kada a karɓi takardar ƙara marar suna, wanda aka kawo aka tabbatar a hukunta shi, wanda ya yi hadaya a sake shi. Ma'anar wannan ga talaka ita ce, ransa na hannun maƙwabcinsa. Babu mai gabatar da ƙara na gwamnati; sai wani ya fito da fuskarsa ya yi ƙara, kuma gwamna ya ga damar saurare. Mutum na iya tsufa a coci ba wanda ya ce masa uffan, wani kuma rigimar gado ko kishi ta kai shi gaban alƙali.

Gwamnoni da yawa masu musu suke nema, ba gawa ba. A Kartaj, ranar 17 ga Yulin shekara ta 180, an ba wasu Kiristoci daga garin Silli kwana 30 su yi tunani, suka ƙi, aka fille musu kai. A shekara ta 203, a wannan birni dai, aka gurfanar da Farfetuwa, 'yar gidan manya mai shekara 22 da jariri a nono. Mahaifinta ya zo kurkuku yana cewa, 'yata, ki ji tausayin furfurata. Alƙalin ma ya roƙe ta ta dubi tsufan mahaifinta da jaririnta. Ta ƙi, aka kai ta filin da ake jefa mutane ga namun daji tare da baiwa Felisita, wadda ta haihu a tsare. Hukuncin kansa galibi yana bin matsayi: mai daraja takobi ko kora, bawa da talaka wuta ko namun daji ko ramin haƙar ma'adinai.

Takardar Desiyus

Abin ya canza a ƙarshen shekara ta 249 zuwa farkon 250, lokacin da sarki Desiyus ya umarci kowa da kowa a daular ya yi hadaya a gaban kwamiti ya karɓi takardar shaida. An tono fiye da 40 daga cikin takardun a Masar, na watannin Yuni da Yulin 250, yawancinsu daga yankin Fayyum. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Mai nema ya rubuta sunansa da ƙauyensa, ya ce kullum yana yi wa alloli hadaya, yanzu ma a gabanku na zuba abin sha, na yi hadaya, na ɗanɗana naman, ina roƙo ku sa hannu. A ƙasa 'yan kwamiti su rubuta cewa sun gan shi yana yi. Ɗaya daga cikin takardun ta wata mai hidimar gunkin kada ce, abin da ke nuna ba Kiristoci kaɗai aka nufa ba. Amma su ne dokar ta sa a tsaka mai wuya.

An kashe Fabiyan, bishop na Roma, a Janairun 250, an ɗaure malami Orijin an azabtar da shi. Sai dai abin da ya fi girgiza ikkilisiya shi ne yawan waɗanda suka bi umarnin. Sifiriyan, bishop na Kartaj, wanda shi kansa ya ɓuya yana tafiyar da al'amura ta wasiƙa, ya ce mutane sun yi ta rububin zuwa dandali tun ba a kama su ba, har yamma ta yi aka ce su dawo gobe suna roƙon kada a jinkirta musu. Waɗanda suka faɗi kashi uku ne: masu cikakkiyar hadaya, masu zuba turare kawai, da masu ba da cin hanci su karɓi takarda ba su yi komai ba. Ga mai karatu a ƙasar Hausa akwai wata mahaɗa a nan. Labarin samarin Afisa da suka ɓuya a kogo, a riwayar Kiristoci, a zamanin Desiyus aka kafa shi, kuma malaman tafsiri da dama da suka yi bayanin Ashabul Kahfi sun kira sarkin Dakyanus.

Desiyus ya mutu a yaƙi a 251, amma tsugune ba ta ƙare ba. Dubban mutane na son komawa, masu furci kuma sun fara raba takardun yafiya da ikon wuyar da suka sha, ba tare da izinin bishop ba. Taron Kartaj na 251 ya yanke cewa masu sayen takarda za a karɓe su bayan tuba, masu hadaya kuwa sai a bakin mutuwa. Nobatiyan a Roma ya ce babu karɓa sam, ya ɓalle da jama'arsa. Ba a jima ba, da aka hango wata tsanantawar tafe, bishop-bishop ɗin Afirka suka buɗe ƙofa ga duk mai tuba, da hujjar cewa ba a tura mutum fagen fama ba tare da guzuri ba.

Sarki Baleriyan ya auna shugabanni da dukiyar coci a 257 da 258, inda aka fille kan Sifiriyan ranar 14 ga Satumban 258. Mafi tsanani ita ce ta sarki Diyokiletiyan, da ta fara ranar 23 ga Fabrairun 303 da rushe cocin Nikomidiya: rusa majami'u, ƙona littattafai, kama limamai, sa'an nan hadaya ga kowa a 304. A yamma ta lafa da wuri, a gabas ta kai 311, wasu wurare har 313. In aka haɗa waɗannan uku da suka game daula, ba su kai shekara 15 ba daga cikin kusan 250 da ke tsakanin Nero da 313.

Karanta wuya a matsayin alama

Wahayin Yahaya, wanda aka rubuta a tsibirin Batmusa, galibi ana cewa wajen shekara ta 95, shi ne ya fi ɗaure wuya da ƙarshe. A cikinsa rayukan waɗanda aka kashe na kuka suna tambaya har yaushe, aka ce su jira sai adadin 'yan'uwansu ya cika. Babila da littafin ya ce tana zaune a kan tuddai bakwai Roma ce. Lambar 666 kuwa, wadda littafin ya ba dabbar ƙarshen zamani, masana da yawa na ganin hisabin haruffa ne, irin wanda malaman zaure suka sani da abajada: in aka rubuta Neron Kaisar da haruffan Ibrananci, jimlar 666 ce, in aka cire harafin ƙarshe na sunan ta koma 616, kuma lallai akwai tsofaffin kwafi masu 616. Duk da haka shahidi ɗaya tak littafin ya ambata da suna a cikin ikkilisiyoyi bakwai, Antibas na Birgamas. Abin da marubucin ya hango tafe ya fi abin da ya riga ya faru.

Ba duka Kiristoci ne suka ɗauki Roma dabbar ƙarshen zamani ba. Babi na 13 na wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ya ce a yi wa hukuma biyayya, Tartuliyan ma ya ce suna yi wa sarakuna addu'a, suna kuma roƙon a jinkirta ƙarshen, domin a fahimtarsa daular ce ke tare masifar da za ta biyo baya. Shugabanni sun kuma yi fama da masu zafin kai. A Firijiya, Montanus da annabawa mata biyu, Firiska da Maksimila, sun yi shelar kusantowar ƙarshe suka ɗaukaka garin Fefuza a matsayin Urushalima, aka fitar da su daga ikkilisiya. Malami Hifolitus, a sharhinsa na littafin Daniyel wajen 204, ya kawo misali biyu na abin da ke lalacewa. Wani shugaba a Siriya ya kwashi jama'a da mata da yara zuwa hamada tarbar Almasihu, saura kaɗan gwamna ya hallaka su a zaton 'yan fashi ne. Wani a Fantas ya ce shari'a nan da shekara guda, mutane suka bar gonaki suka sayar da kaya, shekara ta wuce suka koma bara. Maganin Hifolitus shi ne lissafi: duniya shekara 6,000 za ta yi, an haifi Almasihu a ta 5,500, saboda haka da sauran lokaci. Wannan, a gaskiya, sa rana ne don a hana sa rana ta kusa. Haka nan an tsawata wa masu kai kansu ga alƙali. Labarin shahadar Folikaf, bishop na Samirna, ya kawo wani Kwintus da ya miƙa kansa, da ya ga namun daji ya yi hadaya.

Inda masana suka saɓa

A kan adadi, Orijin da kansa ya ce wajen 248 waɗanda aka kashe kaɗan ne, ana iya ƙirga su. Yusebiyus, marubucin tarihin ikkilisiya, wanda ya ga tsanantawar Diyokiletiyan da idonsa, shahidan Falasɗinu da ya lissafa ba su kai 100 ba. Edward Gibbon ya ƙiyasta ƙasa da 2,000 a wannan tsanantawa, W. H. C. Frend ya ce 3,000 zuwa 3,500. Candida Moss a 2013 ta ce yawancin labaran shahidai an rubuta su ko an gyara su daga baya. Masu ja da ita sun yarda akwai ƙagaggun labarai da yawa, amma suna nuna cewa Tasitus da Filini da takardun Masar ba Kiristoci suka rubuta su ba. A kan dalili, A. N. Sherwin-White ya jingina hukuncin ga taurin kai gaban gwamna, G. E. M. de Ste Croix ya ce ƙin bauta wa alloli ne tushe, kuma ra'ayinsa ya fi samun karɓuwa. Ƙirga gawa kaɗai ba ya auna lamarin, domin bai haɗa da waɗanda aka ƙwaƙule wa ido aka tura ramin tagulla na Fayino ba, ko iyalan da aka bari. Da aka kashe mahaifin Orijin wajen 202 aka ƙwace dukiyarsa, yaro ɗan kimanin shekara 17 ne ya rage da uwa da ƙanne shida.

Rayuwar yau da kullum, da abin da ya biyo bayan 313

Ga mai bi na gama-gari, jarrabawar ƙanana ce kuma ta kullum: naman kasuwa da aka yanka wa gunki, walimar ƙungiyar masu sana'a, rantsuwar soja, matar da mijinta ba Kirista ba ne. Ikkilisiya ta amsa da tsarin taimako. Masu hidima ne suka biya masu gadi aka mayar da Farfetuwa sashen kurkuku mai sauƙi, kuma a 251 cocin Roma na ciyar da gwauraye mata da mabuƙata fiye da 1,500. Ana tattara ƙasusuwan shahidai, ana taruwa duk shekara a ranar mutuwarsu, wadda suke kira ranar haihuwa.

Da sarakuna Kustantin da Lisiniyus suka amince da 'yancin addini a 313, tsohuwar rigima ta dawo da sabon suna. A Afirka ta Arewa mabiya Donatus sun ƙi limaman da ake zargi da miƙa littattafai don ƙonawa, rabuwar ta wuce shekara ɗari, kuma a wannan karon sarakuna Kiristoci ne suka matsa musu. Fassarar ƙarshen zamani ma ta sauya. Malaman Kirista Justin da Irenayus a ƙarni na 2 sun yi tsammanin mulkin shekara dubu na zahiri a duniya, ko da yake Justin ya amsa cewa akwai Kiristoci na gari da ba su yarda ba. Bishop Agustin, yana rubutu bayan an wawashe Roma a 410, ya ce shekara dubun ita ce zamanin ikkilisiya da ake ciki, ya hana lissafin rana, kuma wannan ne ya rinjaya a yammaci na ƙarnuka.

A wajen daular Roma kisan bai tsaya ba. A Farisa, sarki Shafur na biyu ya tsananta wa Kiristoci daga wajen 340, yana zarginsu da goyon bayan Roma da ta zama tasu. A Najran ta kudancin Larabawa, sarki Zu Nuwas ya hallaka Kiristocin garin wajen 523, abin da malaman tafsiri da yawa ke dangantawa da Ashabul Ukhdud na Suratul Buruj. Kibɗawan Masar kuwa har yau kalandarsu daga shekara ta 284 take farawa, shekarar da Diyokiletiyan ya hau mulki, suna kiranta zamanin shahidai; a Satumban 2025 suka shiga shekara ta 1742.